Adadin da ake shelantawa a manyan gidajen gwanjo ba shi ne kuɗin da ke shiga aljihun mai kaya ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi tsokaci kan wani irin labari da ke yawan fitowa a jaridu, musamman a watannin Mayu da Nuwamba, lokacin da Christie's da Sotheby's ke gudanar da manyan gwanjonsu na dare a New York. Labarin kan zo da fuska ɗaya: an sayar da zane kaza ko lu'ulu'u kaza a kan dala miliyan kaza, an kafa tarihi. Mai karatu ya riƙe baki, a wuce wurin. Adadin ba ƙarya ba ne. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne ba a faɗa wa mai karatu yadda aka harhaɗa shi, kuma wanda bai san hakan ba zai ɗauka cewa darajar abin ke nan, ko kuma abin da mai kaya ya tafi da shi gida ke nan. Sau da yawa ba haka ba ne.

Mu fara da cinikin da ya fi kowane amo. Ranar 15 ga Nuwamban 2017 Christie's ta yi gwanjon zanen Salvator Mundi, wanda aka jingina wa Leonardo da Vinci, duniya kuma ta ji dala miliyan 450.3. Amma tayin da aka buga wa guduma a zauren dala miliyan 400 ne cif. Ragowar la'adar gidan gwanjo ce, wadda mai saye ke biya a kan farashin guduma, kuma hawa-hawa ake lissafa ta. A lokacin tsarin Christie's shi ne kashi 25 cikin 100 a kan dala 250,000 na farko, wato dala 62,500. Kashi 20 daga nan zuwa dala miliyan 4, wato dala 750,000. Sai kashi 12.5 a kan abin da ya haura, wato dala miliyan 49.5 a kan miliyan 396. Idan aka haɗa, la'ada ta tashi dala 50,312,500. Wannan la'ada ta mai saye ba ta daɗe a harkar ba. Gidajen biyu sun tsufa, Sotheby's tun 1744, Christie's tun 1766, amma sai a 1975 suka ɗora ta a Landan, a kan kashi 10 kacal. Tun daga nan hawa take yi, yau matakin farko ya wuce kashi 25. Ma'ana, ko da farashin guduma bai motsa ba, adadin da ake shelantawa zai iya ƙaruwa saboda gidan ya ƙara la'adarsa kawai.

A nan ne kuskuren da 'yan jarida suka fi yi yake. Kafin gwanjo, gidan kan buga ƙiyasi mai baki biyu, a ce daga miliyan 8 zuwa miliyan 12. Ƙiyasin ba ya ƙunshe da la'ada, sakamakon da ake fitarwa kuwa yana ƙunshe da ita. To a ce an buga guduma a kan miliyan 7.5, ƙasa da ƙaramin ƙiyasi. Da an ɗora la'ada adadin ya doshi miliyan 9, sai a rubuta cewa kayan ya cimma ƙiyasi, alhali kasawa ya yi. An auna abu biyu da mudu daban-daban. Shi kansa ƙiyasin dabarar talla ce, ba hukuncin alƙali ba: ana sauke shi da gangan domin a jawo masu tayi da yawa, don an san mutum idan ya shiga tsere da wuya ya tsaya inda ya yi niyya. Wani Alƙur'ani rubutun hannu na ƙarni na 15, a kan takardar Sin mai launi da adon zinariya, an yi masa ƙiyasin fam 600,000 zuwa 900,000 a Christie's ta Landan a watan Yunin 2020, ya tashi a kan fam miliyan 7 da 'yan kai. Wata dardumar Farisa ta ƙarni na 17 da aka ƙiyasta dala miliyan 5 zuwa 7 ta kai miliyan 33.8 a Sotheby's a 2013. Mutum biyu masu hali da suka ƙi sakar wa juna sun isa su haifar da irin wannan.

Shi ma mai kaya akwai tasa la'adar, wadda a ƙa'ida takan kai kashi 10, ga kuɗin inshora, ɗaukar hoto, dako da talla. Wannan ƙa'ida ƙananan masu kaya take kamawa. Wanda ya zo da abin da gidajen biyu ke rububi a kansa, yafe masa ake yi, har ma a yanko masa wani kaso daga la'adar mai saye don kada ya kai wa abokin hamayya. Shi ya sa gida kan iya sayar da kayan miliyan 100 ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai dai sunan da ya samu.

Sai maganar farashin sallama. Wannan shi ne mafi ƙarancin kuɗin da mai kaya ya yarda a sallama a kai. Sirri ne tsakaninsa da gidan, kuma bisa al'adar manyan gidajen ba ya wuce ƙaramin ƙiyasi. Mai guduma kan buɗe tayi a ƙasa da shi, ya riƙa hawa da kusan kashi 10 a kowane mataki. Idan babu wanda ya ɗaga hannu, sharuɗɗan gwanjon sun ba shi damar ya riƙa kiran tayi a madadin mai kaya, yana nuna wannan kusurwa da waccan kamar akwai mutane, har zuwa dab da farashin sallama. Mutanen harkar kan ce fitilar silin ce ta taya. Wanda ya yi karatun fiƙihu zai tuna najashu, wato taya kaya ba da niyyar saye ba sai don a ɗaga wa wani farashi, abin da aka hana. Gidajen za su ce ai an rubuta wannan a sharuɗɗa, kuma ba ya wuce farashin sallama. Gaskiya ne an rubuta, a ƙananan baƙaƙe a ƙarshen kundin gwanjo. Mu dai a ganinmu wanda ke zaune a zaure yana da haƙƙin sanin ko da mutum yake takara ko da iska. A 2022 birnin New York ya soke dokokinsa na musamman da suka shafi masu gwanjo, ciki har da waɗanda ke tilasta bayyana wasu daga cikin waɗannan abubuwa. Manyan gidajen sun ce za su ci gaba da bin tsohon tsari, amma yanzu alkawari ne, ba tilas ba.

Abin da ya fi sauya wannan kasuwa a 'yan shekarun nan shi ne lamuni, kuma shi ne ba a cika ambata ba. Mai kaya yana tsoron kada kayansa ya yi kwantai a bainar jama'a, sai gidan ya lamunce masa wani adadi, ko an saya ko ba a saya ba. Shi ma gidan ba ya son ɗaukar kasadar shi kaɗai, sai ya nemo wani attajiri ya sa hannu tun kafin ranar cewa ya taya a kan wannan adadi, tayin da ba a janyewa. A ce lamunin miliyan 50 ne. Idan babu wanda ya wuce shi, kayan na mai lamuni ne a kan miliyan 50. Idan wani ya kai miliyan 60, rarar miliyan 10 ana raba ta tsakanin mai kaya, gidan da mai lamuni bisa yadda suka ƙulla. A wasu yarjejeniyoyin, ko mai lamunin ne ya ci gwanjon ana biyan sa ladan kasadar da ya ɗauka, saboda haka abin da ya fita daga aljihunsa bai kai na wanda zai yi takara da shi ba. Illar a fili take. Mutum ne a zaure yana taya kaya, kuma duk hawan da farashin ya yi yana da rabo a ciki. Sannan a dare guda za ka ga an sayar da kayan miliyoyi da tayi ɗaya tak, an yi tafi, alhali cinikin ya faɗa makonni kafin nan a ofis. Salvator Mundi ma ya shiga zaure da lamunin kusan dala miliyan 100. Kundin gwanjo yana sa wata 'yar alama kusa da lambar kayan da ke da lamuni, da wata daban idan gidan da kansa yana da hannun jari a kayan. Wanda bai karanta ma'anar alamomin a bayan kundi ba, bai karanta kundin ba.

Buga guduma kuma ba biya ba ne. A Nuwamban 2013 Sotheby's ta shelanta a Geneva cewa lu'ulu'un Pink Star, mai nauyin karat 59.60, ya kafa tarihi a kan dala miliyan 83. Mai sayen ya kasa biya. Da yake gidan ya lamunce wa mai kaya, dole ya zaro kuɗinsa ya biya, lu'ulu'un ya zauna a hannunsa har Afrilun 2017, aka sayar a Hong Kong a kan miliyan 71.2. Jaridun da suka buga miliyan 83 a shafin farko, kaɗan ne suka dawo suka gyara. Tun kafin wannan, a 1987, attajirin Ostareliya Alan Bond ya sayi zanen furanni na Van Gogh a kan dala miliyan 53.9, daga baya ta fito cewa Sotheby's ce ta ranta masa kusan rabin kuɗin. Bai iya kammala biya ba, zanen ya koma gidan tarihi na Getty a 1990. Amma a cikin shekarun nan uku, wancan adadi shi ne ma'aunin da aka riƙa sa wa sauran zane-zane farashi da shi.

Kayan da bai kai farashin sallama ba kuwa, kwantai ya yi, kuma a wannan kasuwa kwantai tabo ne. Kowa ya gani, an rubuta a rumbunan bayanan farashi, mai kaya sai ya ɓoye shi wasu shekaru ko ya karya farashi. A Mayun 2025 wani sassaƙen tagulla na shahararren mai sassaƙa Giacometti da aka sa wa ran dala miliyan 70 a Sotheby's ya koma ba a saya ba, kuma ba shi da lamuni. Don gudun irin wannan ne ake janye kaya awa kaɗan kafin gwanjo idan an ga ba a nuna sha'awa ba. Kayan da aka janye ba ya shiga lissafi, sai a fito a ce an sayar da kashi 95 cikin 100.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowace nauyi: wane ne ya yi abin? Tarihin farashin Salvator Mundi ya isa darasi. A 1958 an sayar da shi a Landan a kan fam 45, a matsayin aikin wani mabiyin Leonardo. A 2005 wasu dillalai suka saye shi a wani ƙaramin gwanjo a New Orleans a kan kuɗin da bai kai dala 10,000 ba. Allon katakon ya tsage, an yi ta shafa masa fenti a bisa na asali, aka ɗauki shekaru ana gyara. A 2011 gidan zane-zane na ƙasa da ke Landan ya baje shi da sunan Leonardo. A 2013 dillali Yves Bouvier ya saye shi a kan kusan dala miliyan 80, ya sayar wa attajirin Rasha Dmitry Rybolovlev a kan miliyan 127.5 cikin 'yan kwanaki, abin da ya jawo shari'a ta shekaru. Allon dai shi ne, suna ne ya canza. Har gobe masana na jayayya kan ko hannun Leonardo ne duka, ko na almajiransa, ko kuma nawa ne na mai gyara, kuma tun daren gwanjon ba a sake baje shi ga jama'a ba.

Saboda haka lafazin kundi yana da matakai, kowane mataki da farashinsa. Idan an rubuta sunan mai zane shi kaɗai, gidan ya tsaya cewa aikinsa ne. Idan an ce an jingina masa, akwai shakka. Ƙasa da haka akwai na ɗakin aikinsa, na mutanen zamaninsa da ke kewaye da shi, na mabiyinsa, na mai kwaikwayon salonsa a wani zamani, da kwafin aikinsa. Tsakanin matakin farko da na ƙarshe ana iya samun ninki dubu. Garantin da gidan ke bayarwa yawanci shekara 5 ne, ga wanda ya saya daga hannunsa kaɗai, kuma a kan kanun bayanin ne, ba dogon sharhin da ke biye ba. Ba ya aiki idan bayanin ya dace da ra'ayin masana na lokacin da aka sayar, kuma bai shafi lalacewa ba, domin kaya ana sayar da shi ne yadda yake. Mai saye mai hankali kan nemi rahoton lafiyar kaya a rubuce, ya sa a haska zanen da fitilar nan mai shuɗin haske irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, don sabon fenti kan fito baƙi-baƙi a ƙarƙashinta. Ya duba bayan zanen, inda hatimi da takardun tsofaffin masu shi suke, ya ga ko an manna wa ƙyallen wani sabo, aikin da kan danne kaurin fenti. Idan kuɗin mai yawa ne, a ɗauki hoton cikin zanen da na'ura irin ta asibiti, a ciro ɗan ƙwayar fenti a kai ɗakin gwaji, idan allon katako ne a ƙirga zoben itacen a san lokacin da aka sare shi.

Ɗakin gwaji ya sha kunyata ido. Wolfgang Beltracchi, wani mai zanen jabu, ya shekara da shekaru yana yaudarar masana a Turai, har aka sayar da wani zanensa na jabu mai ɗauke da shekarar 1914 a gwanjo a Cologne a 2006 a kan kusan yuro miliyan 2.9. Abin da ya tona shi farin fenti ne mai sinadarin titaniyam, wanda ba ya kasuwa a 1914. An ɗaure shi a 2011. Ita ma Sotheby's a 2016 ta mayar wa wani mai saye sama da dala miliyan 10 kan zanen da aka ce na Frans Hals ne, mai zane na ƙarni na 17, bayan gwaji ya gano kayan haɗi na ƙarni na 20 a cikinsa.

Kaya yana iya zama na gaske amma hanyar da ya bi ta zama haram. Abin da ake nema shi ne salsala: jerin hannayen da ya ratsa, da rasit, da takardar izinin fitarwa. Giɓi tsakanin 1933 da 1945 a zanen da ya zauna a Turai alamar haɗari ce, saboda ƙwacen da 'yan Nazi suka yi. A kayan tarihi kuwa layin da ake ja shi ne 1970, shekarar yarjejeniyar UNESCO kan safarar kayan al'adu. Sai dai wannan layi yana wanke abin da aka wawashe kafin nan, kuma nan ne muke ganin gidajen ba su kyauta ba. A 2009 Christie's ta yi gwanjon kawunan ɓera da zomo na tagulla a Paris, waɗanda aka kwashe daga fadar bazara ta Beijin lokacin da sojojin Birtaniya da Faransa suka wawashe ta a 1860. Wani ɗan Sin, Cai Mingchao, ya ci gwanjon a kan kusan yuro miliyan 31, sannan ya fito ya ce ba zai biya ba. A 2013 iyalan Pinault, masu Christie's, suka mayar da su Sin. A ƙarshen 2010 an janye wata fuskar hauren giwa ta masarautar Benin da ke Najeriya daga gwanjon Sotheby's bayan an yi ca a kai, domin tana cikin ganimar harin da sojojin Birtaniya suka kai wa masarautar a 1897. A duka biyun surutun jama'a ne ya yi aiki, ba doka ba.

Ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe ma sun shigo. Sotheby's ta sayar da ƙwarangwal ɗin wani dinoso, ƙatuwar dabbar da ta shuɗe tun zamanin da, mai suna Apex, a kan dala miliyan 44.6 a Yulin 2024. A nan abin tambaya shi ne ƙashi nawa ne na gaske: a Apex an ce 254 daga kusan 319, saura ƙira ce. A Nuwamban 2022 Christie's ta janye wani a Hong Kong kwanaki kaɗan kafin gwanjo, bayan an nuna cewa sassa da dama kwafin ƙashin wani ne daban. Masu binciken kimiyya na kuka da gaskiyarsu, don babu jami'ar da za ta iya takara da irin waɗannan kuɗi.

Ga masu cewa wannan hanyar zuba jari ce, a lura cewa labarin riba kaɗai ke fitowa. Wani kan sarki na Giyanar Birtaniya, ƙasar Guyana ta yau, na 1856, wanda ɗaya ne tak a duniya, an saye shi dala miliyan 9.48 a 2014, aka sayar miliyan 8.3 a 2021, kuma a cikin 8.3 ɗin akwai la'adar gida. Zane ba ya haihuwa, ci yake yi: inshora duk shekara, ɗaki mai sanyin kusan digiri 20 da danshin kusan kashi 50, dako, gyara. A New York akwai harajin saye na kashi 8.875, abin da ya sa kaya da yawa ke wucewa kai tsaye rumbunan da ba a biyan haraji, irin na Geneva, su shekara a akwati ba mai ganin su. Ga kuma faɗuwar darajar kuɗi. Zanen Dakta Gachet na Van Gogh ya tashi dala miliyan 82.5 a 1990. Da wani zanen Picasso ya kai miliyan 104 a 2004 an ce ya karya tarihi, amma idan aka yi lissafin tsadar rayuwa ta shekara 14, bai kamo na 1990 ba.

Kada kuma a manta gidajen nan 'yan kasuwa ne. A shekarun 1990 sun haɗa baki kan la'adar masu kaya, daga baya suka biya diyyar dala miliyan 512, shugaban Sotheby's na lokacin, Alfred Taubman, ya yi zaman kurkuku. Sanarwar da suke aika wa jaridu da tsakar dare talla ce, a karanta ta a matsayin talla.

Roƙonmu ga wakilanka, ya Edita, ba mai wuya ba ne. Duk lokacin da za a buga irin wannan labari, a rubuta farashin guduma kusa da adadin da ya haɗa da la'ada, a auna ƙiyasi da na gudumar. A faɗi ko kayan na da lamuni, da mutum nawa suka taya, da kaya nawa aka janye a daren. Ana nuna manyan gwanjon kai tsaye a intanet kyauta, mai kallo yana jin farashin guduma daga bakin mai gudumar, kundin kuma yana shafin gidan da alamominsa makonni kafin ranar. Bayan wata biyu ko uku kuma a sake leƙawa a ga ko an biya.

Wassalam.

Naka,
Wasu masu nazarin kasuwar zane-zane da kayan tarihi